Layun Bindigogin Baba

Mahaifina baduku ne. A Zongon Sokode aka haife shi, a nan kuma ya tsufa a kan buzunsa yana ɗinkin takalma da kube da layu. Duk wanda ya san shi da wannan sana'a ya san shi da wani abu na biyu, wanda mutane ba sa faɗa sai sun rage murya: Baba yana tara tsofaffin bindigogin soja. Guda goma ne, a rataye a bangon ɗakin da ke bayan shagonsa, kowacce da ƙusarta. Bai taɓa ce musu bindigogi ba, dattawa yake ce musu. Ranar Juma'a da hantsi, kafin ya yi wankan masallaci, sai ya sauke su ɗaya bayan ɗaya ya goge su da tsumma da man kaɗanya. Tun ina ƙarama nake jin haushin ɗakin nan, don ko zazzaɓi nake yi ranar Juma'a sai dattawa sun sha mai kafin a tambayi jikina.

Babu mai rai a cikinsu. Kafin wata ta hau ƙusa sai ta bi ta maƙerar amininsa, wanda muke ce wa Kawu, katanga ɗaya ce tsakanin gidanmu da tasa. Kawu zai cire mata kunama, ya narka darma ya ɗura mata a ciki har ta toshe. Baba na ce wa wannan sallama daga aiki. Bayan nan sai ya shiga ɗaki da tawada da alƙalami, ya yi rubutu a ƙaramar takarda, ya naɗe, ya ɗinke a jar fata, ya ɗaure a gindin bindigar. Laya ce sak, irin wadda yake ɗinka wa malamai. Ni dai na ɗauka addu'a ce ta tsari, don kada alhakin waɗanda aka harba ya biyo mu gida. Ban taɓa tambaya ba, kuma ko na buɗe ba zan iya karantawa ba. Allona a ƙananan surori ya tsaya, aka kai ni lakwal, makarantar boko, na yi Faransanci har na zama mai koyarwa. Ajami kuwa ina kallonsa kamar sawun kaji.

Abin da na riƙe na labarinsu kaɗan ne, da rabin kunne na ji shi. Doguwar da ke ƙusa ta farko ta zamanin Jamus ce, ta kakansa, wanda ya biyo fatake yana saurayi ya ƙare a cikin kakin Bature. Akwai wadda wani gida a Kparatao suka ba shi da aka tashi rushe tsohon ɗakinsu. Akwai ta Ingilishi da ta tsallako daga Gana. Gajerun na Faransi ne, na tsofaffin sojojin da aka kai yaƙi wata ƙasa mai ruwa da shinkafa, suka dawo da tari da lambar yabo. Irin waɗannan tsofaffi sukan zo shagon Baba gyaran takalmi su wuni suna hira, in ɗaya ya ga ƙarfinsa ya ƙare sai ya aiko da bindigarsa. Wani mai otel daga Lome ya taɓa zuwa yana so ya saye su duka ya ƙawata bango, Baba ya ba shi ruwa ya sha, ya raka shi bakin titi. Da na ce ya yi wauta sai ya ce mini, "Bature ya buga lamba a jikin kowace bindiga, ya rubuta sunan janar ɗinsa a littafi. Wanda ya ɗauki bindigar a kafaɗa, ya mutu ko ya dawo, ba wanda ya rubuta shi." Na ce to Allah ya ba da lada, na ɗauki jakata na tafi aiki.

Ni mai baki ce, kowa a gidanmu ya sani, kuma ni ce 'yar fari, ni ce mai boko. Duk takardar da ta shigo gida ni ake miƙa wa, har Baba kan tsokane ni da Madam. Na sha gaya masa ya je biro, ofishin hukuma, ya nemo wa bindigogin nan takarda. Sai ya yi dariya ya ce, "Madam, gawa ma sai ta yi kart na shaida?" Haka muka yi ta yi shekara da shekaru, ni ina faɗa shi yana raha, har zamani ya juya. Arewa ta rikice. Aka fara jin labarin masu zuwa a kan babura daga ƙetaren iyaka, suna kashe mutane a ƙauyuka da gonaki. Hanyar Dapaong ta cika da shingayen masu kaki. Bahaushe mai gemu da hula in ya zo irin wannan shinge, wato baraj, sai an dube shi sau biyu, wannan kowa ya gani da idonsa.

A cikin wannan hali, farkon damina, aka kira Baba a waya. Wani tsohon soja ne ɗan ƙabilar Moba ya rasu a wani ƙauye bayan Dapaong, 'ya'yansa suka tarar da bindigarsa a rufin ɗaki. Tsoro ya kama su, suka ce in Baba yana so ya zo ya ɗauka cikin mako, in ba haka ba za su jefa ta a masai. Na tarar da shi yana haɗa basilla da guntun fata da tawada a jaka.

Na ce, "Baba, yanzu a wannan lokacin za ka ratso baraj goma da bindiga? Wallahi wanda bai ji bari ba ya ji hoho."

Ya ce, "Tsatsa ya gama cinye shi, Madam. Sanda ma ya fi shi amfani. Mutumin nan sau uku yana zuwa wurina. In shiga masai ya yi, shi ke nan kamar ba a taɓa yin mutumin ba."

Na ce, "To a bar shi kamar ba a yi shi ba mana. Ɗan uwanka ne?"

Ya sa hularsa, ya yi wa Inna sallama, ya hau zemijan, babur ɗin haya, zuwa tasha. Maganar da na yi masa ke nan ta ƙarshe kafin abin ya faru.

Kwana biyu bayan nan direban motar da ya shigo ya kira ni. Ya ce a shingen fita daga Dapaong aka sauke kaya, aka tarar da bindiga naɗe a tabarma. Ya ce da farko ma samarin masu kaki dariya suke yi, ganin yadda tsatsa ta ci ta. Sai ɗaya ya ga jar laya a gindinta, ya sa wuƙa ya farke, ya ga rubutun Larabci. Daga nan dariya ta ɗauke. Aka sa Baba ya tsuguna a bakin titi hannu a kai, tsoho mai furfura, aka tafi da shi. Direban ya ce, "Madam, rubutun nan ne ya ɓata komai. In akwai irinsa a gida, ki san abin yi."

Ban zauna ba, ban yi shawara da kowa ba. Lissafina ɗaya ne: laya ɗaya ta sa an kama shi, to goma fa? Na ga masu kaki a tsakar gidanmu suna fito da bindigogi goma kowacce da rubutun Larabci, na ga hoton Baba a talabijin. Na ɗauki makullin ɗakin daga ƙarƙashin buzunsa. Inna ta tsaya a bakin ƙofa, ita da ba ta taɓa ɗaga mini murya ba, ta ce, "Ki bari a ji daga bakinsa tukuna. Kayan mutum ne, yana da rai." Na ce, "Inna, ba ki san yadda hukuma take aiki ba. Ni na sani." Ta dube ni, ta matsa.

Da wuƙar Baba ta yankan fata na yanke layun, guda goma, na zuba su a murhun gawayi a tsakar gida da rana tsaka. Fata ba ta ci da sauri. Ta yi ta murɗewa tana ƙauri kamar ana babbakar kan akuya, ina fifita ina juyawa da tsinke har suka zama toka. Ɗaya ta fashe a wuta, takardar ta buɗe, na ga layukan rubutun Baba ƙanana a jere kafin su yi baƙi. Ko a lokacin ban ji komai ba sai sauri. Tokar na kwashe na zuba a kwata.

Bindigogin kuma na miƙa wa Kawu ta kan katanga. Ya karɓi ta farko ya tsaya yana kallonta, ya ce, "'Yar nan, kin tabbata? Shekara arba'in ubanki yana tara su." Na ce, "Kawu, kai ka ɗura musu darma. Duk wadda aka ɗauka hannunka na jikinta. In suka zo ba mu kaɗai za su kwasa ba." Na ga tsoro ya shiga idonsa, kuma abin da nake so ke nan. Itacen jikinsu ya jefa a wutar maƙera, ƙarfen ya yi ta yanka shi gunduwa-gunduwa har la'asar. Ƙarar guduma a maƙera ba ta ba kowa mamaki. Da na tambaye shi inda zai kai guntayen ya ce kada in tambaya, abin da ban sani ba ba za a tatse shi daga bakina ba. Na koma gida ina jin na yi aikin da ɗa namiji ma sai ya yi da gaske. Har na ce wa Inna ta kwantar da hankalinta.

Washegari na hau mota zuwa Dapaong. Na sauka a gidan wata mai sayar da koko a Zongo, 'yar garinmu. Kwana biyu ina zaune a ƙarƙashin darbejiya daura da ofishin da ake tsare da shi, tare da wasu mata masu jira irina, Fulani da Moba da Mosi, kowa da kwanon abincinta. In ka miƙa tuwo sai an caccaka shi da cokali kafin a shigar. Rana ta uku aka kira ni ciki.

Wanda na tarar babba ne a cikinsu, mutum mai sanyin magana, da tabarau. Na soma zuba masa Faransanci, ya bar ni na gama, sai ya amsa da Hausa irin ta kasuwa, wadda ba ta raba mace da namiji. Ya ce, "Kai ne ɗiyan tsoho nan?" Na ce ni ce. Ya jawo aljihun tebur ya fito da jar layar a farke, da takardarta a miƙe. Ya ce, "Yarana ba su iya karanta wannan ba, sun ga Larabci sun tsorata. Ni na yi allo a Mango. Wannan ba Larabci ba ne, Hausa ne. Sunan wani tsohon soja ne, da ƙauyensu, da inda aka kai shi yaƙi. Babanka tarihi yake rubuta."

Na riƙe bakin tebur.

Ya ci gaba, ya ce, "A nan ƙasa ya rubuta, na goma sha ɗaya. Na tambaye shi, ya ce goma suna gida, duka matattu, duka da layansu. In haka ne, magana ya yi sauƙi. Zan je Sokode in gani da idona, in karanta goman, in rubuta rapor ga hukuma cewa tsoho ne mai ajiye kayan da. Laifinsa rashin takarda, wannan ba abin da zai sa ya kwana nan ba ne." Yana faɗa yana murmushi, yana ganin albishir yake yi mini.

Ya sa aka fito da Baba in gan shi. Ba hula a kansa, rigarsa ta yi datti, amma fuskarsa a sake. Ya ce, "Madam, kin ga? Allah ya haɗa ni da mai karatu. Makulli yana ƙarƙashin buzu, ki ba su. Ki ce su sauke na kakana a hankali, gindinsa ya tsage." Na ce to, Baba. Duk bakin nan nawa da ake tsoro a Zongo, to kawai na iya cewa. A hanyar komawa na yi ta saƙa ƙarya ina warwarewa, har muka wuce Kara ban samu wadda za ta tsaya da ƙafarta ba.

Suka zo da motoci biyu, unguwa ta fito tana kallo daga nesa. Na buɗe ɗakin. Bango ne fari da ƙusoshi, da inuwar kowace bindiga inda man kaɗanya ya yi shekaru yana taɓa farar ƙasa. Mai tabarau ya tsaya ya ƙirga da yatsa, a hankali, har goma. Ya juyo ya ce, "Ƙusa goma. Ina bindiga goma?" Na gaya masa gaskiya duka, ban rage komai ba. Ya ce in nuna masa tokar, na nuna masa kwata. Ya ce in kai shi wurin maƙerin.

Kawu yana zaune a bakin wuta. Da ya ga kaki sai guduma ta faɗi daga hannunsa. Aka tambaye shi, ya ce shi fartanya da lauje yake ƙerawa, bai taɓa riƙe bindiga ba tun da uwarsa ta haife shi. Na yi ihu na ce, "Kawu, ka ji tsoron Allah!" Bai dube ni ba. Suka bincike maƙerar ba su ga komai ba. Mai tabarau ya cire tabaransa ya goge, ya ce mini, "Madam, jiya tsoho ɗaya nake da shi da bindiga ɗaya matacce. Yau bindiga goma ya ɓace, ba wanda ya ga gawansu, kuma arewa ana kashe mutane. Kai ka faɗa mini, me zan rubuta?" Na so in ji haushinsa, na rasa ta inda zan kama. Suka wuni suna yi mini tambayoyi, suka sake ni, Baba kuwa aka mayar da maganarsa sama, inda mai tabarau ba shi da ta cewa. Garin neman gira na rasa ido, kuma idon ba nawa ba ne.

Wata bakwai ya yi a tsare. Duk mako biyu nake hawa mota in je, in dawo ranar Lahadi in shiga aji ranar Litinin. Ba ni na gaya masa abin da na yi ba, su suka gaya masa. Zuwana na farko bayan nan na shirya ya zage ni, ina ma fatan ya zage ni. Ya dube ni ta tsakanin ƙarafa ya ce, "Kin ci abinci?" Shi ke nan. Ya tambayi Inna, ya tambayi ko ruwa ya shiga shago. Ɗakin da suke cunkushe yake, ƙasa da danshi, kafin damina ta fita ya fara tari. Duk zuwa sai in ga wuyan rigarsa ya ƙara faɗi.

A gida Inna ba ta taɓa ce mini ga abin da kika jawo ba. Ta dai daina tambayata ra'ayi, in takarda ta zo sai ta kai wa maƙwabta su karanta mata, wannan ya fi zagi ciwo. Mutane suka rage shigowa gidanmu. Ni kuma na mayar da fushina kan Kawu. Kullum kafin in tafi lakwal sai na tsaya a ƙofar maƙera na gaya masa maganganun da ba a gaya wa sa'an uba, mutumin da ya yanka ragon sunana da hannunsa. Ya sunkuyar da kai ya yi ta zuga wuta. Sai daga baya na yarda cewa tsoron da ya rufe masa baki ni na ɗura masa shi, da bakina, ta kan katanga.

Inna ce ta buɗe wa Kawu bakin. Ta matsa sai na kai ta Dapaong, ita da mota ke sa wa amai. Ta ga Baba, ba ta yi kuka a gabansa ba, ta karɓi kayansa masu datti ta ƙulle a ɗankwali. Da muka dawo ba ta shiga gida ba, ta wuce maƙera ina biye da ita. Ta kwance ƙullin ta ciro tsumman da Baba ke tari a ciki, da jini a bushe, ta shimfiɗa shi a kan uwar maƙera. Ta ce, "Amininka ya ce a gaishe ka." Ta juya ta fita. Kafin mu gama alwalar azahar Kawu ya yi sallama a ƙofarmu, yana kuka kamar mace, ya ce guntayen suna cikin tsohuwar rijiyar bayan maƙera.

Aka sanar da mai tabarau, ya zo da kansa. Lokacin rani ne, ruwan ya ja baya. Masu yasar rijiya suka shiga suna fito da laka a bokiti, ana zubewa ana tonawa. Guntaye suka yi ta fitowa, baƙaƙe, wasu da lambar Bature a jiki, da darma a toshe a cikinsu. Aka jera bakunan bindigogin a kan tabarma, ya ƙirga, goma cif. Ya ɗaga ɗaya ya leƙa ramin, ya girgiza kai. Aka tafi da Kawu ya yi kwanaki yana amsa tambaya, aka sake shi. Bayan mako uku aka ce in zo in ɗauki Baba. Bindiga ta goma sha ɗaya ta zauna a wurinsu, amma mai tabarau ya miƙo mini ambulan, ya ce, "Wannan na babanka ne." Farkakkiyar layar ce da takardarta. Na jefa a jaka ban duba ba.

Sai da aka riƙe Baba kafin ya sauka daga mota. Ya gaisa da mutane, ya sha ruwa, sannan ya ce a buɗe masa ɗakin. Na bi shi na tsaya a bakin ƙofa. Ya daɗe yana kallon bangon. Ya taɓa ƙusa ta farko da yatsa, ya ce, ba tare da ya juyo ba, "Ƙarfe dai ƙarfe ne, dama tsatsa zai cinye shi wata rana. Amma layun, kin buɗe ko guda kafin ki sa wuta?" Na ce a'a. Ya gyaɗa kai ya ce, "To." Na durƙusa na ce ya yafe mini, ya ce ya yafe tun yana can, tsoro ne, kuma don shi na yi. Na yarda ya yafe. Amma bai sake ce mini Madam ba, da sunana yake kirana har ya bar duniya.

Na sayo sabon kaye, littafin rubutu, na ce ya faɗa mini in rubuta, ko da Faransanci ne. Ya yarda. Muka fara da ta kakansa, ya kawo sunansa da na ubansa, amma garin da ya taso ya ɓace masa. Ya ce da bakin mahaifinsa ya ji, a ranar ya rubuta, yana cikin layar. Muka koma ta biyu. Ya fara labarin wani da aka harba a cinya a ƙasar shinkafa, can tsakiya ya tsaya ya ce, "A'a, wannan na Kambole ne, ko kuwa na Kparatao?" Ya haɗa sunan wani da yaƙin wani, ya gane ya haɗa, ransa ya ɓaci, tari ya sarƙe shi. Na ce ya huta, zai tuna. Ya ce, "Ai don na san zan manta na rubuta." Shafi uku da rabi muka samu, rabinsu da alamar tambaya. Gidajen mutanen nan kuwa yawanci sun watse, jikokinsu ba su ma san kakansu ya taɓa sa kaki ba. Damina ba ta kai ƙarshe ba Baba ya rasu, ranar Talata da hantsi, kansa a cinyar Inna.

Bayan sadakar arba'in na ci karo da ambulan a jakata. Da zan iya kai wa kowane malami a Zongo ya karanta mini cikin minti biyu, amma na ji kunyar wani ya karanta mini rubutun ubana. Na je wurin wata malama da ke koyar da matan aure, na zauna a tabarma da shekaruna arba'in da 'yan kai, na koyi ajami baƙi bayan baƙi. Wata biyu na yi kafin in yarda da kaina. Ranar wata Juma'a da hantsi na shiga ɗakin, na zauna a ƙasa, na buɗe takardar.

Rubutun ƙanana ne, a matse, don takardar ba ta kai tafin hannu ba. Sunan mutumin, da na ubansa, da ƙauyensu a bayan Dapaong. Yadda aka ɗauke shi yana noma. Jirgin ruwa, da ƙasar duwatsu da sanyi inda ya rasa yatsu biyu. Cewa bai taɓa sanin laifin waɗanda ya harba ba, kuma har ya mutu ba ya cin nama ranar da ya yi mafarkinsu. Sai inda aka rubuta na goma sha ɗaya, a nan mai tabarau ya tsaya. A ƙarƙashin wannan akwai sauran layi ɗaya da bai karanta mini ba, ko bai kula ba, ko ya kula ya yi shiru. Na bi shi da yatsa sau uku don in tabbata ban yi kuskure ba. Baba ya rubuta: "Bayan raina duka suna hannun 'yata ta fari, ita ce ta san darajar takarda."

Na yi kukan da ban yi ba ranar da aka fita da shi. Da na gama na ɗauko basillarsa da zare, na mayar da takardar cikin fatarta na ɗinke. Ɗinkin bai yi kyau ba, da ya gani da ya warware. Na rataye ta a ƙusa ta farko. Sauran taran ban cire su ba.